Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Manyan Jojinmu Da Alƙalan Kotunan Musulunci Kan Shari'ar Walet Ɗin Kirifto

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu manyan joji na jihohin Arewa, da shugabannin kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci, da alƙalan da ke zama a ƙarƙashinku, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya da basira. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, ina kuma neman afuwa idan bakina ya yi kaushi a wani wuri.

Ni ɗan kasuwar waya ne a Kano. Ban yi karatun lauya ba, ɗan abin da na sani na shari'a a bencin kotu na tsince shi, sai wanda na yi ta tambayar masu ilimin bayan abu ya ci mu. Ina magana da yawun matar ƙanena da marayunta uku, da mahaifiyarmu, da abokan kasuwa da dama waɗanda jarinsu ya bar aljihu da banki ya koma cikin abin da muke kira walet. Duk muna da tambaya guda: ranar da mutum biyu suka tsaya gabanku kowa yana cewa walet ɗin nan nasa ne, da me za ku gane mai gaskiya?

Ƙanena, Allah ya jiƙansa, sana'arsa tura wa 'yan kasuwa kuɗin kaya zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin. Alhaji ya sa masa naira a banki, shi ya sayi USDT, wato kuɗin intanet na kirifto da darajarsa ke bin ta dalar Amurka, ya aika wa mai kaya. Nasa jarin ma a USDT yake ajiye shi, saboda yadda naira ke zagwanyewa. Yana da yaron da ya riƙe tun yana ƙarami, shi ke danna masa waya idan yana tuƙi ko ya shiga masallaci. Da ya rasu a hatsarin mota, gida da shago da mashin ba a yi musu a kansu ba. Da aka zo kan walet sai yaron ya ce nasa ne, maigida aro yake yi yana wuce da kuɗin mutane ta ciki. A gaban alƙali ya fito da waya, ya ɗora babban yatsa ta buɗe, ga kuɗi kwance, kuɗin da zai sayi gida a unguwarmu har a yi canji. Mu kuma abin da ke hannunmu littafin bashin marigayi ne, wanda a bangonsa na baya ya rubuta kalmomin sirri 12 da jan biro, sai hotunan fuskar waya da yake tura wa matarsa ta WhatsApp idan ciniki ya yi kyau.

Alƙalin mutumin kirki ne, ban taɓa zarginsa da komai ba. Ya ce abu a hannun yaro yake, hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musanta, mu kawo shaidu. Ya karɓi littafin, aka ba masinja ya kai shagon da ke bakin ƙofa aka yi masa hoto don a sa a fayil, aka ɗage zama mako uku. A kwana na tara kuɗin suka tashi gaba ɗaya. Yaron ya ce mu muka kwashe, mu muka ce shi ne, kuma tsakani da Allah duk wanda ya ɗaga fayil ɗin nan, ko ya tsaya kusa da injin hoton, zai iya zama shi.

Allah ya gafarta malamai, kukana na farko a kan kalmar nan ce ta "a hannunsa yake". A kan saniya ko gona ko keken ɗinki ma'auni ne mai kyau, domin saniya ba ta kwana a garke biyu. Walet ba haka yake ba. Sunan ne ke ruɗar mutane, a ɗauka lalita ce da kuɗi a ciki. Babu ko sisi a cikin wayar. Kuɗin rubutu ne a wani babban kundi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa, kowa kuma na iya buɗewa ya duba. Abin da ke cikin waya makulli ne kawai, kuma makullin daga kalmomin nan 12 ko 24 ake fitar da shi, waɗanda ake zaɓowa daga jerin kalmomi 2048. Duk wanda ya san kalmomin a jere zai zuba su a sabuwar waya a Agadas ko a Jidda walet ya buɗe masa kamar shi ya ƙirƙire shi. Mutum goma na iya riƙe walet guda a lokaci guda, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. To a hannun wa yake? Kowa a kasuwa ya san yaron shago ne ke zuwa da makulli da sassafe ya buɗe, ba a taɓa cewa don haka shagon ya zama nasa ba.

Hoton fuskar waya kuwa, wanda shi ne abin da yawancin mutane ke ɗauka su taho kotu da shi, bai ma kai makulli daraja ba. Ni da nake gyaran waya, a ba ni minti biyar zan haɗa muku hoton da ke nuna ina da dala miliyan. Ba sai an yi jabu ba ma. Manhajojin walet da yawa suna barin mutum ya zuba adireshin wani, wato lambar walet ɗinsa mai kama da lambar asusun banki, don kallo kawai, sai kuɗin wancan su bayyana a wayarsa tamkar nasa, alhali ko ƙwandala ba zai iya motsawa ba. Da wannan dabarar 'yan damfara ke cin kasuwarsu, su nuna maka dukiyar wani su ce ka kawo kuɗin cirewa. Na san sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan duk takardar da ta fito daga kwamfuta, kuma Kotun Ƙoli ta tsaya a kansa a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa, inda aka yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan ba. Amma wannan sashen tambayarsa ita ce ko na'urar tana aiki daidai lokacin da ta fitar da takardar. Ba ya tambayar wa ya sa kuɗin. Sannan dokar da kanta ta ce ba ta hau kan shari'o'in da ba na laifi ba a kotunan ɗaukaka ƙara na Musulunci da kotunan yanki da na gargajiya, sai in an ba da izini na musamman. Can kuwa ake rabon gadon talaka. Alƙali na nan shi kaɗai da littattafansa da hankalinsa, an ajiye masa waya a kan tebur an ce ya yi hukunci.

Akwai gwajin da ba ya ƙarya, kuma ba ya cin kuɗi. Mai riƙe da makullin gaske zai iya sa hannu da shi a kan kowace jimla ba tare da ya bayyana makullin ba, kowa kuma zai iya tantance sa hannun da adireshin kawai. Inda manhajar ba ta da wannan, sai a ce ya tura ɗan ƙaramin adadi da alƙali ya ambata zuwa adireshin da alƙali ya zaɓa, a gaban kowa. Sharaɗin shi ne jimlar ta zama sabuwa, daga bakin alƙali ta fito a ranar, da lambar ƙara da kwanan wata a cikinta. Dalilin wannan sharaɗi yana cikin labarin Craig Wright, mutumin Ostireliya da ya shekara da shekaru yana cewa shi ne Satoshi Nakamoto da ya ƙirƙiri Bitcoin. A 2016 ya wallafa wani sa hannu a matsayin hujja, kafin gari ya waye masana suka gano tsohon sa hannu ne da ke cikin kundin tun 2009, kwafowa ya yi. A wata shari'ar da aka yi da shi a Florida ta Amurka an shigar da dogon jerin adireshin da ya ce nasa ne. A watan Mayun 2020 sai masu makullan 145 daga cikinsu suka fitar da saƙo suna ƙaryata shi, suka sa hannu da makullan da yake cewa nasa ne. A watan Maris na 2024 Mai Shari'a Mellor na babbar kotun Landan ya yanke cewa ba shi ne Satoshi ba, daga baya ya rubuta cewa mutumin ya yi ta ƙirƙirar takardun jabu. Mutum mai manyan lauyoyi da tulin takardu, abin da ya gagare shi jimla ɗaya ce da sa hannu a bainar jama'a.

Sai dai kada a ɗauki gwajin nan ya wuce matsayinsa. Da an yi shi a shari'armu, yaron zai ci, mu ma za mu ci, tunda littafin na hannunmu. Yana fitar da maƙaryacin da ba shi da makulli, amma ba ya raba maigida da yaronsa, ko mai ajiya da wanda aka ba amana, ko mai dukiya da ɓarawon da ya leƙa littafinsa. Mallaka sai an bi sawun kuɗin zuwa inda suka fito, kamar yadda ake bin sawun shanu. Kuma sawun nan ya fi na shanu fitowa, don iska ba ta share shi. Kowace shiga da fita tana cikin kundin da adadinta da sa'arta. A ɗauko bayanan asusun banki a ajiye gefe guda, a ɗauko na kundin a ajiye ɗaya gefen: ranar Talata da ƙarfe 11 naira ta fita daga asusun wane, bayan minti kaɗan USDT ta faɗo walet. In an ga haka sau hamsin a shekara biyu, asusun wa ke ciyar da walet ɗin? In daga wani kamfanin musayar kirifto aka fara turo kuɗin, da NIN ko fasfon wa aka buɗe asusun can? Adireshin nan wa ya saba tura wa abokan ciniki ya ce su biya shi a ciki? Alhazan da suka yi shekaru suna hulɗa da shi, wa suke kira idan kuɗi ya makale? Su ne shaidun da alƙali ke nema, kuma za su yi magana in an san abin da za a tambaye su. Shaida biyu da suka ga lokacin da mutum ya buɗe walet ba za a taɓa samu ba, abu ne da ake yi a ɗaki cikin dare.

Bin sawun ma yana son gwani na gaske. A 2024 wata babbar kotu a Ingila ta yarda USDT dukiya ce da doka ke karewa, a ƙarar da wani mai suna D'Aloia ya shigar bayan an damfare shi, amma ya faɗi a kan kamfanin musayar Bitkub saboda masanin da ya kawo bai iya nuna wa kotu dalla-dalla yadda kuɗinsa suka isa can ba. In haka ta faru a Landan, ina ga nan da kowane yaro mai kwamfuta a cinya zai ce shi masani ne, kuma wanda ya biya shi yake wa aiki.

Kukana mafi zafi shi ne lokaci. Ɗage zama mako uku a shari'ar gona ba komai ba ne, gona na nan inda take. A kundin da ake kira Tron, inda yawancin USDT ɗin 'yan kasuwarmu ke yawo, duk daƙiƙa uku ake rufe shafi a buɗe sabo. A Bitcoin kamar minti goma ne. Abin da ya tafi kuma babu manajan da za a rubuta wa ya dawo da shi. Umarnin da aka bayar bayan kuɗi sun tashi ihu ne bayan hari. Ko umarnin "kada kowa ya taɓa" ba ya wadatarwa, tunda in an taɓa ba za a san hannun wa ba ne. Kamfanin Tether da ke fitar da USDT yana iya daskarar da kuɗin da ke wani adireshi, kuma ya sha yin haka bisa buƙatar jami'an tsaro, amma bazawara mai goyo ba ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Bitcoin kuwa babu mai iya daskarar da shi.

Haka zancen yake a kan kamfanonin musaya. A farkon 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci Binance ya miƙa wa EFCC bayanan 'yan Najeriya da ke hulɗa da shi, a watan Maris na shekarar kuma kamfanin ya daina harka da naira. Gwamnati ke nan, mai dogon hannu. Magajin da kawai yake son a tabbatar masa da sunan mahaifinsa aka buɗe asusu fa? Takardar sammacin ƙaramar kotu ba ta tsallaka teku. Amma tun watan Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta fara ba kamfanonin cikin gida irin su Quidax da Busha amincewar farko, waɗannan kam suna inda hannun kotu zai kai, in an shimfiɗa hanyar.

Na ji daga abokai cewa akwai inda aka ce musu kotu ba ta san wannan abu ba, su je su sasanta a gida. Da a 2021 ne, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar a watan Fabrairu, da sai a ce da uzuri. Bankin ya janye hanin a Disamban 2023, kuma dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta sa kadarorin nan a ƙarƙashin kulawar SEC. Na san malamanmu sun saɓa kan halaccin kirifto, kuma ni ban isa in sa baki a wannan ba. Abin da na sani shi ne naira ce ta gumi aka zuba a ciki, kuma in kotu ta kau da kai ba ɓacewa dukiyar ke yi ba, wanda ya fi kowa saurin yatsa ne ke gaje ta, matar da Allah ya ba sumuni da uwar da ya ba sudusi su tashi a tutar babu.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Ku fitar da rubutacciyar ƙa'idar aiki, da Hausa da Turanci, wadda za ta isa har ƙaramar kotun da ke ƙauye. Abu na farko a cikinta: ranar da aka fara ambaton walet a ƙara, a ranar za a rubuta adireshinsa da abin da ke ciki, a kuma kwashe kuɗin a gaban ɓangarorin biyu zuwa sabon walet na amanar kotu, irin mai makulli uku wanda ba ya buɗuwa sai biyu sun haɗu. Ɗaya a wurin kotu, ɗaya a wurin mai ƙara, ɗaya a wurin wanda ake ƙara. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai a rubuta ƙinsa, alƙali ya san abin da zai yi da shi. Daga nan a ɗage zama ko wata shida ne, ba mai asara.

Ku haramta karanta kalmomin sirri a zauren kotu, ko rubuta su a littafin muhuti, ko kai su shagon hoto. In takardar da ke ɗauke da su shaida ce, kamar littafin ƙanena da rubutun hannunsa ke ciki, a fara kwashe kuɗin tukuna, sannan a rufe ta a ambulan a buga hatimi kowa ya sa hannu. Wannan ko gobe za a iya farawa, ba ya buƙatar kasafi.

Ku bayyana a fili cewa hoton fuskar waya shi kaɗai ba hujja ba ne, cewa buɗe waya ko sa hannu da makulli yana nuna iko ne kawai, kuma mallaka sai an haɗa da asalin kuɗin da shaidar abokan hulɗa. Ku tanadi jerin masana da kotu ta tantance, waɗanda za su yi rantsuwa, kotu ce za ta kira su ba mai ƙara ba, da ladan da talaka zai iya biya. Fiƙihunmu ya daɗe da sanin komawa ga masana sana'a, ana kiran magini ya duba katanga, a kira maƙeri ya duba zinare. Matasan da suka iya wannan aiki suna nan a jami'o'inmu da kasuwanninmu. Cibiyar horar da alƙalai ta ƙasa da ke Abuja da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya za su iya shirya bita, ba ta jawabi ba, wadda kowane alƙali zai buɗe walet da hannunsa ya tura wa na kusa da shi kwatankwacin naira dubu ya ga yadda take tafiya.

Ku zauna da SEC a samar da takarda guda da kowace kotu za ta aika wa kamfanin da ke da rajista, da wa'adin amsawa, da kuma jami'in da zai isar da buƙatar daskarar da kuɗi cikin gaggawa. A rabon gado kuma a ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda ake yi wa magada da yaran mamaci: yana da walet, wa ya san kalmominsa, ina wayarsa ta kwana tun ranar rasuwa? In abin da aka samu irin Bitcoin ne mai hawa da sauka, a raba shi kansa gwargwadon rabon kowa, kada a ƙiyasta shi da naira yau a biya bayan wata huɗu.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma ni na ji namu. Mu muke ɓoye wa matanmu abin da muka mallaka, mu ba yaro kalmomin sirri don ƙyuyar danna waya, mu karɓi miliyoyin mutane babu ko takarda, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ƙanena da ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin kalmomin nan, ya ce walet ɗin nasa ne ya sa mutum biyu suka shaida, da ban rubuto muku ba. Wannan gyaran namu ne, mun kuma fara yi wa juna faɗa a kasuwa.

Shari'armu tana nan ba a yanke ba. Mun samo bayanan bankin marigayi na shekara biyu, na kwana huɗu ina jera su da na kundin a takarda mai layi, kuma Alhazai uku sun ce za su zo su ba da shaida. Ko mun yi nasara, takarda za a ba mu. Kuɗin kuwa suna wani adireshi da ya fara da harafin T, ba su ƙara motsi ba tun daren da aka kwashe su. Kullum bayan sallar asuba sai na buɗe na duba, in Hajiya ta tambaye ni labarin kuɗin marayu in ce mata suna nan.

Allah ya taimake ku a kan gaskiya, ya sa ku gama lafiya.

Ɗanku,
wani ɗan kasuwar waya daga Kano